Motar da Ta Durƙusa wa Yaya

Ranar da motar maƙwabcina Me-ke-ciki ta durƙusa a tsakiyar layinmu, ina tsaye a ƙofar shagona da dutsen guga a hannu, don haka kada wani ya ce ji na yi. Ni mai wanki da guga ne, shagona yana kallon ƙofar gidansa, kuma shi da ƙafarsa ya bi gida-gida da safe yana gayyatar mutane su fito su ga abin mamaki. To, mun fito, mun kuma gani.

Motar haya ce, tsohuwa, mai ƙofa huɗu. Sifirin ɗinta na baya, wato naɗaɗɗen ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin mota a saman taya, sun gaji sun karye duka biyun. Me-ke-ciki ya rantse ba zai sayi sababbi ba, shi zai ƙera nasa. Ya samo rodin gini, ya naɗe shi a jikin bututun ruwa, ya shafe shi da baƙin fenti har yana ƙyalli, ya ɗaura. Sannan ya aika aka kira yayan matarsa, wanda duk layin muke ce wa Yaya Mai Kanti, mai sayar da kayan gyaran mota, don ya zauna a kujerar baya ya sha kunya a gaban jama'a.

Yaya kuwa ba ƙaramin mutum ba ne. In ya kawo mini rigarsa wanki, kuɗin zanin gado nake karɓa.

"Bismillah, Yaya, shiga," in ji Me-ke-ciki, yana buɗe masa ƙofa kamar direban babban mutum. "Yau za ka ji yadda ƙarfen gaskiya yake, wanda ba a haɗa shi da ƙarya ba."

Yaya ya tattare rigarsa. Ya shiga, ya zauna, ya ja ƙofa. Sai mota ta fara yin ƙasa. Ba faɗuwa ta yi ba, a hankali ta tafi, cikin ladabi, kamar raƙumin da za a ɗora wa kaya. Muka tsaya muna jira ta taso. Ina! Rodi in ka lanƙwasa shi ya lanƙwasu ke nan, ba shi da zuciyar komawa. Bayan motar ya kwanta a kan tayoyi, hancinta ya ɗaga sama kamar tana shinshinar hadari.

Abin bai tsaya nan ba. A tsakanin bangon gidansa da bakin kwata ya faka ta. Da ta yi ƙasa, ƙofa ɗaya ta cije a simintin kwata, ɗayar kuma bango ya tare ta. Yaya ya zama fursuna. Ta taga muka jawo shi, mu huɗu. Kai ya fita, kafaɗu suka fita, tumbi ya ce bai san zancen ba. Sai da na koma shago na ɗebo ruwan sabulu muka zuba masa, sannan ya sulɓo, riga a yage, takalmi ɗaya a cikin kwata.

Ni dai abin da na ce, kuma ban janye ba har yau: motar ta fi mai tuƙa ta tarbiyya, ta ga babba ta durƙusa.

Ana cikin dariya matarsa ta leƙo daga ƙofar gida, hannu a ƙugu. "Baban Biyu," ta ce, "motar tawa ce ka mayar tabarma?"

Nan ne gizo ke saƙar. Motar ba tasa ba ce. Da gadon mahaifinta ta saya, ta ba shi yana tuƙawa suna cin abinci, kuma takardun suna hannun Yaya. Yaya ya matse ruwan sabulu daga hularsa, ya yi magana a hankali, irin ta wanda ransa ya gama ɓaci.

"Ƙanena, ka yi shekaru kana ce mini ɓarawo, na yi shiru saboda ƙanwata. Ga sifirin biyu can a kanti. Ka faɗa a gaban mutanen nan cewa ba sata nake yi ba, in ba ka su yadda na saro."

"Ba zan faɗa ba."

"To ji nan. Daga yau zuwa ƙarshen wata, in motar nan ba ta tsaya da ƙafafunta ta ɗauke ni ba, zan sayar da ita in ba ƙanwata kuɗinta. Kai kuma akwai kujera a bayan kanta. Ka zo ka zauna, kana faɗa wa mutane farashin da bakinka."

Da a ce kurkuku aka ambata masa, da ya fi masa sauƙi.

Sai kun san mutumin sannan za ku gane. Shekara goma sha tara muna maƙwabtaka, ban taɓa ganin ya sayi abu bai zagi mai sayarwa ba. In ya ɗauki kaya sai ya juya shi, ya shinshina, ya ce, "Me ke ciki?" Sabulu, me ke ciki, mai ne da toka. Burodi, me ke ciki, gari ne da iska. Ranar da aka cire masa haƙori ya dawo yana masifa da kumburarren kumatu, wai me ke ciki, ja ne kawai, da ya sani da filaya ya ara. Daga nan sunan ya bi shi, har matarsa in ta yi fushi da shi take kiran sa.

Yana ƙarami aka sa shi makaranta, ya fito a aji uku, wai malamin abin da ke cikin littafi kawai yake maimaitawa. Ni ma ban wuce nan ba, amma ni korar ni aka yi, ban ce na fi malamin sani ba. Ya yi gyaran keke, ya bari. Ya yi wata uku a wajen mai walda, ya bari, kuma wata ukun nan su ne jarinsa har gobe. Ko maganar jirgin sama ake yi sai ya gyara zama ya ce, "Mu da muka yi aikin ƙarfe." Aure ne kaɗai ya yi ya daɗe a ciki, shi ma don matar tana da haƙurin dutse ne. Allah ya ba su tagwaye mata, yanzu duk suna gidajen mazajensu, ɗaya doguwa kamar falwaya, ɗaya gajera kamar turmi. Ku riƙe wannan, zai yi amfani a gaba.

Ina nan a kantin Yaya ranar da rigimar sifirin ta fara, na kai masa kayan guga. Me-ke-ciki ya shigo ya tambayi farashi. Da aka faɗa masa sai ya dafe ƙirji kamar an yi masa rasuwa.

"Yaya, ka ji tsoron Allah! Bara ba haka ka sayar ba. Wannan fa ba ma na kamfanin motar ba ne, wasu ne can suka kwaikwaya. Ɗan kwaikwayo ma har da tsada?"

"Mai kwaikwayo ma wuta yake hurawa," in ji Yaya. "Ka zaci kowane ƙarfe ne? Nasa daban ake narkawa, kuma ya yi tsada. Tanderun da ake gasa shi ba ya mutuwa dare da rana, wutar da yake ci ta tashi, man da ake kai shi da shi ya tashi. Ma'aikatan ba iska suke ci ba. Kuma in sun yi ɗari ba ɗari suke sayarwa ba, sai an danna kowane an gwada, wanda ya kauce a mayar da shi tukunya. Duk wannan a kan wa zai hau? A kan wanda ya tsira ya iso kantina."

Me-ke-ciki ya ɗaga sifirin ɗin sama, ya leƙa ta cikinsa kamar mai hangen wata. "Ni ban ga tanderu a nan ba. Ban ga ma'aikata ba. Rami na gani a tsakiya, shi ma kuna sayar mana da shi. Me ke ciki? Rodi ne aka naɗe."

To kun ji asalin rodin ginin da ya zaunar da Yaya.

Washegarin durƙuson, ya ɗauki gawar rodinsa ya nufi maƙerar da ke ƙarshen layi. Na bi shi, ba don taimako ba. Maƙerin tsoho ne, kunnensa ɗaya ya mutu da ƙarar guduma, ɗayan kuma abin da ya ga dama yake ji. Ya karɓi rodin, ya taka shi da ƙafa ɗaya, ya kwanta kamar igiyar shanya.

"Ɗana, wa ya yi wannan?"

"Wani ne, Baba."

"Ka gaishe shi. Ka ce masa ƙarfe iri-iri ne kamar mutane. Akwai wanda in an danne shi ya kwanta, akwai wanda in an danne shi ya karye, akwai wanda ya yi ƙasa ya dawo. Na ukun nan kake nema, kuma ba a jikin gini yake ba."

Ya tura shi wajen mai sayar da tsofaffin ƙarafa, ya nemo sandunan ƙarfe daga matattun manyan motoci. Karon farko an ba shi da araha, ya dawo yana taƙama yana kaɗa su a gabana. "Mai Guga, ka gani? Kuɗin ƙwallon sabulunka." Bai san mai tsofaffin ƙarafa ma yana da ido ba. Da ya koma karo na biyu farashi ya ɗaga. A karo na huɗu mutumin har kujera yake ba shi.

Saboda komawa dai ya yi ta komawa. Sifirin na farko da suka naɗa da zafinsa, Baba maƙeri ya ce a tsoma a mai. Me-ke-ciki ya ce mai da ruwa duk jiƙa ne, ruwa kuma kyauta ne. Ya tsoma a ruwa. Ƙarfen ya yi wata ƙara, ƙyas, ya fito da kyau kamar ba komai. Da ya ɗora masa buhun siminti sai ya tarwatse gida uku, guntu ɗaya ya yi tsalle ya fasa tulun maƙerin. Ya biya tulu. Ya koma wajen bakanike neman baƙin mai, wanda da ake zubarwa a kwata. Bakanike ya ga ana zuwa da jarka kullum, shi ma ya sa masa kuɗi. Abin da kake raina wa, ranar da ka buƙace shi ranar yake sanin darajarsa.

Sai gawayi. A nan ne na ji daɗi, don gawayi fagena ne. Ni da ɗan kaɗan nake cika dutsen guga in yini ina aiki. Shi kuwa ƙarfe mai tsawon mutum zai gasa har ya yi ja daga kai zuwa gindi, sannan a sake gasa shi a hankali bayan an tsoma, don taurin ya sassauta. Buhu guda ba ya kai su la'asar. Ga ruwan sama ya sauka, busasshen gawayi ya zama ɗan sarki. Mai gawayi da a da yake bin mu yana roƙo, yanzu sai ya gama shan shayinsa sannan ya dube ka.

"Me ke ciki?" na ce masa wata rana, na gan shi yana jan buhu a baro. "Itace ne aka ƙona."

Ya wuce da baronsa. Girarsa ɗaya ta riga ta ƙone a lokacin, fuskar ta zama kamar wadda aka fara sharewa aka fasa.

Maƙeri kuma ba don Allah yake bugu ba, kullum sai an sallame shi, ya karye ko bai karye ba. Bakin sifirin sai an daidaita shi da injin gurza don ya zauna daram, injin yana wajen mai walda, tsohon ogansa da ya ce ya fi shi sani. Ya je da hula a hannu. In babu wuta, a tayar da janareto, man kuma daga aljihun wa? Ga mota a kwance, ba fasinja, ba ko sisi da ke shigowa. Na ga rediyonsa ya fita daga gidan. Na ga agogon hannunsa ya koma hannun mai gawayi. Ranar da na ga an fito da fankar ɗaki, matarsa ta biyo ta har ƙofa.

"Baban Biyu, ka sayar da iska ma? Saura me, ƙofar gida?"

"Ki yi haƙuri, Maman Biyu, an kusa."

"Tun da na aure ka ake kusa. Ka je ka ba Yaya haƙuri, kalma ɗaya ce, ba ta cin gawayi."

"In mutu a bayan kanta ina cewa farashi ya tashi? Allah ya kiyaye."

"To ka mutu a maƙera, amma ka bar mini motata a tsaye."

A rana ta goma sha shida, abin haushi, ya dace. Na biyar ɗin da suka yi ya fito daidai. Aka ɗora masa buhun siminti biyu, ya yi ƙasa, aka ɗauke, ya dawo. Me-ke-ciki ya rungume shi kamar jariri, ya zagaya layi da shi, ya tsaya a ƙofar shagona ya yi rawa da gira ɗaya. Wallahi har gabana ya faɗi, na ce shi ke nan, za mu sha surutu har kabari.

Ashe wasan bai ma fara ba. Mota sifirin biyu take so a baya, ba ɗaya ba. Suka yi na shida, shi ma ya yi kyau, ya yi ƙasa ya dawo. Ya ɗaura su duka biyun, ya sauke jak. Mota ta tsaya, amma ta karkace hagu kamar mai tallan da tulu ya yi wa nauyi. Ɗaya ya fi ɗaya tauri. Kowanne shi kaɗai lafiyayye ne, haɗuwarsu ce masifa.

Da taurin kai ya fita haya da ita a haka, wai fasinja ba ya kallon bayan mota. Ya ɗauki mutum uku a kujerar baya: wani malamin makaranta, wata 'yar kasuwa mai kwandon ƙwai, da wani dogo mai ɗauke da madubi. Kafin a kai kwanar farko duk sun zame sun taru a kan malamin. Aka dawo da motar layinmu ana zage-zage, malamin da ƙwai har cikin aljihu. Ni na wanke rigar, don haka ni kaɗai na ci ribar sifirin ɗin Me-ke-ciki.

Na same shi a maƙera da yamma ya zabga tagumi. Baba maƙeri yana yi masa bayani da ƙarfi, irin na kurame.

"Ɗana, yin guda ɗaya ba aiki ba ne, ko makaho ya yi ta jifa wata rana zai sami tsuntsu. Yin ɗan'uwansa shi ne aikin. Wutata yau da zafi, gobe da sanyi. Iska ta kaɗa, gefe ɗaya ya fi nuna. Ƙarfen da ka kawo jiya daga wata mota, na yau daga wata. Su can masu manyan tanderu, abin da suke kashe wa dukiya ke nan, na farko da na dubu su fito kamar uwa ɗaya ta haife su."

Na ce, "Baba, kada ka wahalar da kanka. Mutumin da tagwayen da ya haifa ma ɗaya falwaya ɗaya turmi, shi zai yi maka sifirin iri ɗaya?"

Maƙeri, da ba ya jin komai, wannan ya ji. Ya yi dariya har da tari. Me-ke-ciki ya ɗauki awartaki, na yi waje.

Wani mai hankali da nan zai tsaya. Shi kuwa sai ya canza dabara, kuma dole in faɗi gaskiya, ko da tana mini ɗaci: dabarar ba ta wauta ba ce. Ya daina neman ɗan'uwan na biyar. Ya sayo dogon ƙarfe guda, aka raba shi biyu, aka naɗa su rana ɗaya, aka gasa su a wuta ɗaya, gefe da gefe, aka tsoma su a mai ɗaya. Ya kafa tsoffin kwanon rufi kewaye da wutar don kada iska ta shiga. Ya samo tsinken tsintsiya ya yi masa alama da wuƙa. In an ɗora buhu a kan wannan ya auna, a ɗora a kan wancan ya auna. In sun bambanta da faɗin farce, a jefar da su biyun, a sake. Mutumin da ke raba ashana biyu, ga shi yana jefar da ƙarfen da ya sayar da fanka ya saya. Tulin matattun sifirin ya taru a bayan maƙera har akuyoyi suna hawa.

Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi, in ji mutanen da. Shi nasa rumbun ya ƙone, tokar ma mai gawayi ne ya kwashe.

Ranar ƙarshen wata, da hantsi, layi ya cika fiye da karon farko. Har daga layin baya aka zo, an ji ana jawo mutum ta taga kyauta. Yaya ya iso da wani dillalin motoci a bayansa, mai tsinken sakace a baki, yana zagaya motar yana ƙwanƙwasa ta kamar mai sayen kankana. Matar Me-ke-ciki tana ƙofar gida, ta harɗe hannu. Shi kuwa gogan ya rame, hannuwa duk tabon ƙuna, girar ta fara tsirowa kamar sabuwar ciyawa. A wannan karon a fili ya faka motar, nesa da kwata. Bai yi wa kowa jawabi ba.

Yaya ya sa a buɗe ƙofofin duka huɗu tukuna. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Ya shiga da ƙafa ɗaya, ya dakata, ya sa ta biyu, ya saki nauyinsa. Mota ta yi ƙasa. Na ji matar ta ja numfashi. Sai motar ta ɗan girgiza, ta tsaya a inda ya kamata. Yaya ya motsa, ya tashi ya sake faɗawa da gangan, har sau uku. Ya fito da ƙafarsa, ta ƙofa, kamar mutum. Mota ta dawo sama.

"Ta karkace!" na ce, don ban ga dalilin da za a ƙyale shi haka nan ba. Na shiga shago na ɗauko bahon wanki da ruwa rabi, na ɗora a kan but, wato murfin bayan motar. Kowa ya matso ya leƙa. Ruwan ya yi rawa, ya yi rawa, ya kwanta daidai da zanen da ke jikin bahon, hagu da dama. Na juya bahon, ko shi ne ya lotse. Haka dai. Ban taɓa jin haushin ruwa irin na ranar ba.

Dillali ya tofar da tsinkensa ya kama hanya. Matar ta juya ta shige gida, sai muka ji ta tana waƙa a tsakar gida, abin da rabon mu da ji tun fanka tana nan.

Yaya ya tsugunna, da ƙyar, ya leƙa ƙarƙashin motar, ya ƙwanƙwasa sifirin ɗin da makulli. Ɗan kasuwa dai ɗan kasuwa ne. Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa.

"Ƙanena, aiki ya yi kyau, ban ɓoye maka ba. Mota ta tsira. To tunda ka iya, ni ma na huta da saro na nesa. Ka yi mini guda ashirin in sa a kanti. Nawa za ka ba ni guda biyu?"

Me-ke-ciki ya dubi hannuwansa, ya dubi wuyan hannun da agogo ya bari da farin zane, ya dubi hanyar maƙera. Bakinsa yana motsi. Sannan ya faɗi kuɗin, a hankali, yana kallon ƙasa.

Ninki uku na farashin kantin Yaya.

Jama'a, ban san layinmu yana da murya haka ba. Mai gawayi ya zauna a ƙasa don dariya. Bakanike yana dukan bango. Yaya bai yi dariya da ƙarfi ba, tumbinsa ne kawai ke rawa, hawaye na zuba. "Ni da nake ɓarawo," ya ce, "ban taɓa kai wa nan ba."

Ni kuwa shekara goma sha tara nake jiran wannan rana. Na ajiye baho, na je na ɗauko ɗaya daga cikin matattun sifirin da yara suka jawo daga bayan maƙera, na ɗaga shi sama, na leƙa ta ramin kamar mai hangen wata, na yi muryarsa sak.

"Ɓarawo! Ka ji tsoron Allah! Ni ban ga gawayi a nan ba, ban ga maƙeri ba, ban ga fanka ba. Rami na gani a tsakiya. Me ke ciki? Rodi ne aka naɗe!"

Ya bari aka gama dariya. Ya zo ya karɓe ƙarfen daga hannuna, ya share shi da gefen rigarsa kamar wani abin kirki, sannan ya dube ni daga sama har ƙasa da girarsa ɗaya da rabi.

"Mai Guga, duk abin da ya ci wuta kafin ya fito, da kuɗinsa yake fitowa. Abin da ba a kashe ko sisi wajen ƙera shi ba, shi ake rabawa kyauta gida-gida. Shi ya sa shekara goma sha tara muna samun bakinka ba mu taɓa biya ba."